Reza Ɗaya, Fuska Ɗaya: Abin da Tsohon Gidan Reza Ya Koya Mini Game da Na'urori

Na san wani zai ce me ya haɗa maganar waya da kwamfuta da maganar aski. A yi mini haƙuri a biyo ni. A cikin duk na'urorin da ke ɗakina a nan Magama, akwai guda ɗaya da ba ta taɓa neman caji ba, ba ta cin data, kuma babu ranar da kamfani zai aiko da saƙo ya ce ya daina kula da ita. Wani ɗan gidan reza ne na ƙarfe da na tsinta a tsohon akwatin Baba, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Na wanke shi, na tafasa shi a ruwan zafi, na je teburin mai shago na sayo reza sabuwa fil, irin wadda ake yanke farce da ita. Da na ɗora ta a kai sai ta zauna daram, kamar jiya aka ƙera su tare.

Abin ya tsaya mini a rai. Cajar wayata ta farko ba ta shiga wayar da nake riƙe da ita yanzu. Manhajar da na rubuta shekara uku da suka wuce sai na yi mata kwaskwarima kafin ta yarda ta tashi a sabuwar Android. Amma ga ƙarfen da aka saya tun ban zo duniya ba yana karɓar rezar bana ba tare da gardama ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ga matashin da ke aske kansa, ko wuyansa, ko gefen sajensa, ko hammata da mara, gidan reza na ƙarfe ya fi shebin sitik na roba sauƙin kuɗi, kuma da ɗan kula reza ɗaya za ta yi maka aski da yawa. Sai dai akwai wata hanyar tsawaita ran reza da muka saba da ita a gidajenmu, wato ba da aronta. Wannan ita ce nake roƙon mu bari gaba ɗaya.

Mene ne gidan reza?

Ga wanda bai taɓa gani ba, yawancinsa ƙarfe uku ne: mariƙi, faranti mai ɗan shinge, da murfi. Ana ɗora reza mai baki biyu a tsakanin murfin da farantin, a murɗa mariƙin ya matse ta. Murfin yana ɗan lanƙwasa rezar, shingen kuma yana hana bakin nutsewa cikin fata. Abin da ke leƙowa waje ɗan siririn baki ne kawai, daidai wanda zai yanke gashi.

Rezar kanta ita ce wadda kowa ya sani, mai zuwa a naɗe cikin 'yar takarda, irin su Tiger, Nacet da Super-Max. Kaurinta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Abin da ya fi muhimmanci a wajena shi ne, duk kamfanonin da ke yin ta, daga Masar zuwa Indiya, daga Turkiyya zuwa Japan, girma ɗaya da tsaga ɗaya suke bi. Rezar Lord ta Masar za ta hau gidan da aka ƙera a Jamus. Rezar Feather ta Japan za ta hau gidan Baba. Babu kamfanin da ya mallaki wannan tsari shi kaɗai a yau.

Mu masu rubuta manhaja mun san darajar irin wannan. Shi ne abin da USB-C ya kawo wa waya: caja ɗaya ta yi wa Tecno, ta yi wa Samsung, ta yi wa Redmi. Kamfanin Apple ya daɗe yana riƙe da nasa bakin caja na daban mai suna Lightning, sai da Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta ta zo da USB-C, sannan iPhone 15 ta fito da shi a 2023. Abin da sai da doka ta tilasta a kan waya, reza ta daɗe da samun sa.

Yadda aka rufe mana ƙofa

Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya yaɗa wannan na'ura. Ya kafa kamfaninsa a 1901, kuma a 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 da reza 168 kawai ya sayar. A 1904 ya sami takardar mallakar fasaharsa, cinikin ya haura dubun dubata. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin kayan askinsa, suka koma gida da sabon.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa a darussan kasuwanci, cewa Gillette ya riƙa sayar da gidan da arha don ya ci riba a kan reza. Wani malamin shari'a a Jami'ar Chicago, Randal Picker, ya bi tarihin a 2010 ya nuna ba haka aka yi ba da farko. Duk tsawon shekarun da Gillette ke riƙe da takardar mallaka, dala biyar yake sayar da gidan, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Sai da wa'adin takardar ya ƙare a 1921, kowa ya sami damar ƙera irinsa, sannan farashi ya faɗo. Darasin a fili yake: gasa ce ke sauko da farashi, ba tausayin kamfani ba.

Daga nan reza mai baki biyu ta zama ta kowa. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ta riƙa daɗewa fiye da na da, sauran kamfanoni suka bi sahu. To idan kowa na iya yin reza, kuma rezar tana daɗewa, ina riba mai tsoka za ta fito? A 1971 Gillette ya kawo Trac II, mai baki biyu a jere cikin kan roba wanda ba ya hawa mariƙin kowa sai nasa. A 1998 aka yi Mach3 mai baki uku, a 2006 aka yi Fusion mai baki biyar. Kowanne da irin makamarsa, kowanne da sabuwar takardar mallaka. A ɗaya gefen kuma kamfanin BIC ya kawo shebin sitik na roba a 1975, wanda ake jefar da shi ɗungurungum, mariƙi da baki.

Duk wanda ya taɓa sayen firinta da arha, sannan ya je sayen tawadarta ya ji farashi, ya san wannan wasa. Na'urar ƙugiya ce, abin da za ka yi ta saye har abada shi ne kasuwar.

Abin da zama a bakin boda ya koya mana

Mutumin Magama ba ya bukatar a yi masa lacca kan abin da ke faruwa idan hanyar kaya ta toshe. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma tamu ta Jibiya ba a buɗe ta a hukumance ba sai a watan Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A cikin wannan tsakanin ne kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Hanyar Katsina zuwa Maraɗi da muka saba gani cike da motoci ta yi tsit, 'yan uwanmu na Ɗan Isa suka koma kamar mutanen wata duniya.

A irin wannan yanayi, wanda ya dogara da abu mai kamfani ɗaya shi ne farkon shan wahala. Idan mariƙinka sai kan roba na kamfani kaza, ranar da ya ɓace a kasuwa ko kuɗinsa ya ninka, mariƙin ya zama kwalliya. Reza mai baki biyu kuwa tana teburin mai shago, tana wajen ɗan koli, tana kasuwar Jibiya, tana Katsina, tana Maraɗi. In babu wannan kamfani akwai wancan.

Ba zan kawo farashi a nan ba, don kafin ka gama karantawa ya canza. Yi lissafin da kanka a kalkuletar wayarka. Tambayi kuɗin shebin sitik ɗaya, ka raba da yawan askin da yake yi maka. Tambayi kuɗin reza ɗaya, ka raba da nata. Sannan ka ninka kowanne da yawan askin da kake yi a shekara, ka ɗora kuɗin gidan reza a kan na biyun, sau ɗaya tak. Bambancin da za ka gani a ƙarshen shekara, ka auna shi da kuɗin data.

Me ke kashe reza?

Tambayar da ta daɗe tana ba mutane mamaki ita ce: ta yaya gashi, abu mai laushi haka, yake dakushe ƙarfe? A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Cem Tasan, sun wallafa amsa a mujallar Science. Sun sa reza a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, suna kallon yadda take yanka gashi. Gashi ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, amma sun ga bakin rezar ba gogewa yake yi a hankali ba kamar yadda ake zato. Ɓantarewa yake yi, ƙanana-ƙanana. Ƙarfen ba ɗaya yake ba a ko'ina, akwai wurare masu ƙarfi da masu rauni. Idan gashi ya haɗu da baki a karkace, kuma ya dace da wuri mai rauni, sai ɗan tsagu ya buɗe, daga nan ya ɓalle. Da suka yanka gashin a miƙe, ba tare da ya lanƙwashe ba, ba su ga wannan ɓantarewa ba.

Bayan wannan akwai ruwa. Ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, siririn bakinsa yana lalacewa idan ya kwana da danshi, ga ragowar sabulu da gishirin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe a kai. Sannan masana'anta tana shafa wa bakin reza wani siririn rufi mai santsi, irin wanda ake yi wa tukunyar da abinci ba ya kamawa, don ta riƙa zamewa a kan fata. Idan rufin ya goge sai ka ji rezar tana jan gashi ko da kaifinta bai ƙare ba.

Da ka fahimci waɗannan, dabarun tsawaita ran reza ba sa bukatar hadda.

Na farko, jiƙa gashin. Gashin da ya sha ruwa na minti biyu zuwa uku ya fi busasshe sauƙin yankuwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa aski bayan wanka ya fi, musamman da ruwan ɗumi a lokacin hunturu, sa'ad da fata ke bushewa. Wanzamai sun daɗe da sanin wannan. Ka lura da yadda wanzami ke zama yana murza ruwa da sabulu a kai kafin ya ɗora aska.

Na biyu, yi kumfa mai kyau. Ba sai ka sayi kumfar gwangwani ba. Sabulun wanka mai laushi ko sabulun salo ya isa, in dai ba ya ƙona maka fata. In kumfar ta bushe kafin ka iso wajen, ƙara ruwa.

Na uku, kada ka danna. Nauyin gidan ya isa. Ka ɗora murfin a kan fata, ka sauko da mariƙin a hankali har ka ji baki ya fara kama gashi, wajen digiri 30 ke nan. Ka riƙa ja gajere-gajere, kana bin inda gashin ya kwanta. Dannawa tana lanƙwasa gashi da fata, ga yanka, ga ɓantarewar baki.

Na huɗu, in gashi ya yi tsawo, rage shi da almakashi ko kilifa tukuna. Kada ka tura reza cikin sumar wata biyu.

Na biyar, wanke ta da ruwa, kada ka buga ta a jikin bokiti ko bango don gashi ya fita. Sassauta mariƙin kaɗan, ruwa zai wanke komai.

Na shida, kuma wanda ya fi sauran tasiri a wajena, busar da ita. Kwance gidan, yarfe ruwan, ka ɗan dangwala rezar a kan tsumma mai tsabta ba tare da ka goga bakin ba, ka ajiye ta inda iska ke shiga kuma yara ba sa kaiwa. Kada ta kwana a banɗaki cikin kwandon soso. Mai sifirit yana iya tsoma ta ciki, yana korar ruwa ya bushe nan take. Da damina, ɗigon man kaɗanya ko man zaitun a kan bakin yana tare danshi.

Da yake ni mai son lissafi ne, na buɗe ɗan jadawali a wayata ina rubuta ranar da na sa sabuwar reza da yawan askin da ta yi. Kafin in gyara hannuna, aski biyu take yi mini ta fara ja. Yanzu ina samun biyar, wani lokaci shida. Wannan fuskata ce da irin gashina, naka zai iya bambanta, kuma mai aske kai gaba ɗaya ba zai sami yawan na mai gyaran wuya da saje ba.

Dabarun da ban gamsu da su ba

Idan ka shiga YouTube ko TikTok za ka ga masu cewa ka goga reza a jikin wandon jins ko a tafin hannu, wai za ta yi wata shida. Dabarar ta samo asali ne daga aska, wadda wanzami ke wasawa a dutse ya goga a fata. Aska ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera don a riƙa wasa shi. Reza siririya ce mai rufi a baki, kuma abin da ya ɓantare ba ya dawowa don an goga shi a tsumma. Na gwada, ban ga bambancin da ya kai haɗarin yanke yatsa ba.

Kuma tsawaitawa tana da iyaka. Da zarar ka ji reza tana ja, ko sai ka bi wuri ɗaya sau uku, ko ka ga ɗigon tsatsa, ta gama aiki. Dakusasshiyar reza ita ke sa mutum ya danna, dannawa ke kawo yanka da kuraje. Kuɗin man shafawa na kuraje ya fi kuɗin sabuwar reza.

Tunda an zo maganar kuraje: mu masu murɗaɗɗen gashi mun fi kowa fama da kurajen aski, musamman a wuya da ƙeya. Gashin ne ke lanƙwasowa ya koma cikin fata bayan an yanke shi. Shebin sitik mai baki da yawa an tsara shi ne ta yadda bakin farko zai ɗan jawo gashi, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ƙasa da saman fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne, ga mu kuwa sau da yawa kuraje ne. Shi ya sa likitocin fata ke ba masu wannan matsala shawarar baki ɗaya, bin kwanciyar gashi, da barin neman santsi ƙwal. Wanda kurajensa suka yi tsanani, ya bar reza ya koma kilifa, ya ga likita.

Inda tattali ke zama ganganci

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuta wannan. A gidaje da yawa, da ɗakunan samari, da makarantun kwana, reza ɗaya tana zagaya mutum uku ko huɗu. Wa ya gama ya miƙa wa ƙane. Aboki ya yanke farce ya ajiye a taga, wani ya ɗauka ya gyara saje. Niyyar tattali ce, kuma a al'adarmu hana ɗan'uwa abu ƙarami kamar reza yana kama da rowa. Amma reza tana taɓa jini ko da ido bai gani ba.

Yawancinmu HIV muke tunawa idan aka yi wannan magana. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana bakwai, kuma a cikin kwanakin tana iya kama wani. Ma'ana busasshen jinin da ke kan rezar da aka ajiye tun Juma'ar da ta wuce bai mutu ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Kusan mutum ɗaya ke nan a cikin goma sha biyu. Ka ƙirga mutanen da ke majalisarku da yamma. Mafi yawan masu ita ba su sani ba, don tana iya shekaru ba alama, sai hanta ta lalace.

Reza ba ita kaɗai ce hanyar kamuwa ba, kuma ba ita ce babba ba. A ƙasashenmu an fi ɗaukar cutar daga uwa wajen haihuwa ko a farkon ƙuruciya. Amma reza hanya ce da toshe ta ke hannunmu, kuma kuɗin toshewar bai kai na katin waya mafi ƙanƙanta ba.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan shekara ashirin da wani abu kai tsaye. Najeriya ta sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran yara na yau da kullum ne a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan, akwai yiwuwar ba a yi masa ba. Ka je asibiti a gwada ka, in ba ka da ita a yi maka allurar. In kana da ita, akwai magungunan da ke danne ta, kuma sanin da wuri shi ne rabin magani.

Sai maganar jarirai. Babba idan ya kamu, mafi yawan lokaci jikinsa yana korar cutar, ƙasa da kashi biyar cikin ɗari ne take zame wa ta dindindin. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma ko fiye tana zama a jikinsa har girma. Ka tuna kuma a rana ta bakwai muke kiran wanzami ya yi askin suna. Ba ina cewa a bar wanzamai ba ne. Sana'a ce mai tarihi da martaba, har sarautar Sarkin Aska gare ta a masarautunmu, kuma da yawansu yanzu suna amfani da mariƙin da ake sa wa rabin reza sabuwa ga kowane mutum. Abin da nake cewa shi ne, idan an yi haihuwa a gidanku, kai da ka karanta wannan ka sayo sabuwar reza, a buɗe ta a gaban kowa, kuma ka tambaya ko an yi wa jaririn allurar hanta ta ranar haihuwa. Ko a Mina, lokacin aikin Hajji, hukumomin lafiya na Saudiyya suna gargaɗin alhazai su je wajen masu aski masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya su jefar. Babu wanda ya ce wannan raina ibada ne.

Haka a shagon aski. In mai aski zai gyara maka layi da reza, ka ga ya ɓare sabuwa. In kunya ta hana ka magana, je da taka a aljihu. Kilifa ma tana yanka fata, kuma ɗan wutar laita da ake haska mata na daƙiƙa biyu ba ya shiga tsakanin haƙoranta. Mai hali ya sayi tasa mai caji ya riƙa zuwa da ita.

Abin da za a iya faɗa a kan ra'ayina

Gidan reza yana da nasa aibi, ba zan ɓoye ba. Yana son koyo. Makon farko na yanke kaina sau biyu a ƙarƙashin haɓa, don hannuna ya saba da danna shebin sitik. Yana cin lokaci, ba na mai sauri ba ne. A wurare masu lungu kamar hammata da mara sai an bi a hankali ƙwarai, kuma wanda hannunsa ke rawa ko idonsa ba ya gani sosai gara ya zauna a kan abin da ya saba. Akwai kuma gidajen reza na banza a kasuwa waɗanda ba sa riƙe reza daidai. Kafin ka saya, sa reza ka matse, ka duba ko bakin ya leƙo daidai wa daida ta gefe biyu. In ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ajiye shi.

Wani zai ce shi gemu yake bari, me zai yi da reza? Mai gemu ma yana aske kai, kuma tsabtar hammata da mara tana kan kowa, namiji da mace, har an yi mana iyaka kada ta wuce kwana arba'in. Ke ma 'yar'uwa, wannan lissafi da wannan gargaɗi sun shafe ki, musamman wajen rezar gyaran gira da ta yankan farce a wajen kwalliya.

Sai zubarwa. Tsirarar reza a bola haɗari ce ga yaran da ke tsince-tsince, da masu kwasar shara, da dabbobi. Nemi gwangwanin madara wanda ba a buɗe bakinsa duka ba, ka yi masa 'yar tsaga, ka riƙa jefa tsofaffin ciki. Zai yi shekaru bai cika ba. In ya cika ka bubbuge bakin ya rufe, ka ba 'yan gwangwan. Ƙarfe ne zalla, ana narkar da shi, saɓanin shebin sitik da roba da ƙarfe suka haɗe ba mai raba su.

Tun da na fara amfani da gidan Baba, tambayoyin da nake yi kafin in sayi kowace na'ura sun canza. Abin da take ci, caja ne ko batir ko tawada, kamfani ɗaya ke yin sa ko kowa? In ta lalace, masu gyara a Katsina za su iya buɗe ta? In an sake rufe boda gobe, zan sami kayanta? Na'urar da ta ci wannan jarrabawa ita nake ba kuɗina.

Gidan rezar kuwa, ƙanena ya gani ya ce in ba shi aro. Na ce a'a. Ranar kasuwa na sayo masa nasa da fakitin reza, na nuna masa yadda ake riƙewa, sannan na ce ya shirya mu je a gwada mu tare.